Gonar Dada da Sunan da Ba Ta Faɗa Ba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Dada, kakata wadda ta haifi Umma, ta koma a farkon bazarar nan, a ɗakinta na ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Tun daga ranar da aka kai ta, kalma ɗaya nake ji: haƙuri.

Duk matar da ta shigo, kafin ta gama cire takalmi ta faɗa. "Baiwar Allah mai haƙuri." "Ba a taɓa jin kanta da kowa ba." Wata tsohuwa daga Babura, ƙawar Dada tun suna 'yan mata, har da share hawaye tana cewa irinsu sun ƙare, matan yanzu sai baki. Ni take kallo tana faɗa. Na ce mata, "Iya, ga ruwa," don in na buɗe baki da wata magana za a ce na ɓata zaman makoki.

A waje kuwa Kawu ne a tsakiyar tabarma, ɗan farin Dada, yayan Umma, da carbi a hannu, ana ta ba shi haƙuri shi ma. Na leƙa ta zaure na gan shi. Gaskiya ya yi kuka, idonsa ya yi ja. Ban ce bai so uwarsa ba. Abin da na ce, kuma shi ya sa nake wannan rubutu, shi ne gonarta tana hannunsa har ta mutu.

Ranar sadakar uku maƙwabciyarmu ta Kazaure ta zo gaisuwa da 'yarta, wadda ke karatun lauya a jami'a. Yarinyar ba ta taɓa taka ƙauyenmu ba. Amma tana shigowa tsakar gida ta tsaya cak. Ta dubi murhu, ta dubi manyan tukwanen da aka kife a gindin katanga, ta dubi ƙofar ɗaki mai shuɗin fenti.

"Na san gidan nan," in ji ta a hankali. "Tsohuwar daddawa ce ta rasu? Ta cikin bidiyo?"

Na ce ita ce.

"Allah sarki. An nuna mana ita a aji da majigi. Har a jarrabawa ta fito. Aka ce mu faɗi matakin da ya kamata ta ɗauka."

"Me kika rubuta?"

"Ta je kotu ta yi ƙarar wanda ya riƙe mata gonar, ta kawo shaidu." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Na ci sosai."

"Madalla. An gaya muku wanda ya riƙe gonar?"

"A'a. Ita ma cewa ta yi wani."

"Yanzu kika gaishe shi a ƙofar gida. Har kika durƙusa."

Ba laifin yarinyar ba ne, kuma ban faɗa don in ba ta kunya ba. Amma a nan na gane cewa in ban rubuta Dada yadda take ba, Dada biyu za su rage a duniya, duk na ƙarya: mai haƙurin da ake yabo a makoki, da jahilar ƙauye da ake nunawa a aji.

Dada ba mai haƙuri ba ce. Wanda ya ce haka bai taɓa barin akuyarsa ta shiga shanyar daddawarta ba. Maƙwabcinta ya taɓa yin wannan kuskure. Ta kama akuyar ta ɗaure a turmi, ta ce ba mai kwance ta sai matarsa ta zo ta wanke mata tukwane. Mutumin ya turo dattawa, ta ba su ruwa da goro, ta sallame su ba akuya. Da la'asar matar ta zo ta wanke tukwanen.

Sana'arta ke nan, daddawa. Ta dafa kalwa wuni guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye har ta nuna, sannan ta daka ta mulmula. Warin yana kama zani, yana kama gashi, har littattafan makarantata ya kama lokacin da nake zuwa hutu. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Wanda hancinsa ya fi ƙarfin daddawata ya sha miyarsa lami." Guguwa take ce min, wai ban taɓa shiga ɗaki ban ture wani abu ba. Tana sauraron rediyo tana gardama da shi. In mai labarai ya ce an raba wa manoma taki, sai ta ce, "A wane gari? Faɗi garin mana." Haƙoranta sun zube, sai ta goga goro a magogi, ta zuba a tafin hannu, kuma ba ta ba kowa ko ɗan ƙwaya sai ni, bayan ta zage ni.

Kuma ta san kotu. Wannan nake so ɗaliban nan su ji. Lokacin da maƙerin ƙauyenmu ya rasu, 'yan'uwansa suka hana matarsa tumunin takaba, suka ce ai ba ta haihu da shi ba. Matar ba 'yar garin ba ce, ba ta da kowa. Dada ce ta yafa mayafi, ta tsayar da ɗan acaɓa, ta kai ta gaban alƙali a Roni. Ba sau ɗaya ba, don an yi ta ɗaga zaman. Ina nan ranar da take koya mata magana a bakin murhu.

"In ya tambaye ki wa kike ƙara, ki faɗi sunansa da na ubansa, ki ɗaga murya. Kotu ba ta san 'su wane' ba. Kuma kada ki yi kuka sai kin gama. In kin fara da kuka, kukan za a rubuta."

Matar ta sami rabonta. Har yau tana ƙauyen, ita ta yi wa Dada wanka.

Gonar tana kan hanyar Gwiwa, jigawa ce mai ɗaukar gero da gyaɗa, da itatuwan ɗorawa manya a gefen gabas. Gadon ubanta ce. Ba wanda ya cuce ta a rabo, 'yan'uwanta maza sun ba ta nata a gaban malamai. Kakana ya noma ta har ya rasu. Daga nan Dada ta ba Kawu riƙo, ya noma, ya riƙa kawo mata abin da za ta ci, ɗorawa kuma tata ce. Shekarun farko damman gero suna shigowa har rumbu ya cika. Sannan suka zama buhu. Sannan suka zama kwano a cikin leda, da saƙon cewa damina ba ta yi kyau ba. Daga baya ya fara sayar da ɗorawar tun tana bisa, 'yan kasuwa su zo da ƙugiya su kaɗe. Dada ta koma sayen kalwa a kasuwar Gwiwa. Wata rana ta damƙi kalwa a buhun wani, ta shinshina, ta ce min, "Wannan ta gonata ce, ta gindin suri, itaciyar da ke kusa da hanya." Ta saya, ba ta ko yi ciniki ba.

Mu kuma muna Kazaure, ni da Umma, a ɗakin haya tun rasuwar Baba, muna awon hatsi kwano-kwano. Umma ce kaɗai 'yar'uwar Kawu. Duk wanda ya san gado ya san kashi ɗaya cikin uku na gonar nan nata ne wata rana, in dai gonar tana nan a matsayin ta Dada.

Me ya hana macen da ta ɗaure akuyar maƙwabci ta yi magana? Kawu ɗan fari ne. A gidanmu, da jinin Fulani a ciki, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta nuna ta san yana wurin. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. In ya zo gaishe ta, yana durƙushe a bakin ƙofa, ita tana fuskantar bango tana amsa wa iska. In za ta ba shi saƙo sai ta ce da matarsa, "Ki gaya wa wancan." Akwai wani mai sayar da itace mai suna irin nasa, shi ma ba ta taɓa kiransa ba, sai dai "mai jaki". Amma na sha ganinta a bayan zana tana leƙen bayansa in zai tafi, har ya sha kwana. Kuma daddawar da ta fi kyau a kowace tukunya gidansa take zuwa, har a shekarun da ta sayi kalwar da kuɗinta.

Ni na kawo masu bidiyon, kuma ban yi nadama ba. Ina aiki a shagon buga takardu a Kazaure, wata malamar jami'a ta shigo. Muna hira ta ce suna haɗa gajerun bidiyo don koya wa ɗalibai haƙƙin mata a shari'a: gado, sadaki, ciyarwa, riƙon 'ya'ya. Ta ce ɗalibai suna barci a kan littafi, amma in suka ga fuskar mutum suna farkawa. Mata na gaske take nema, masu matsala ta gaske. Na ce ina da guda. Lissafina shi ne, in mota ta tsaya a ƙofar gida, aka shigo da kamara, Kawu zai ji kunya ya saki gonar.

Dada ta yarda da sauri har na yi mamaki. Ta sa kwalli, ta ɗaura sabon zani. "In za a nuna ni a birni, kada a ce mutanen Roni ba su san sabulu ba." So ta yi ta zauna a ɗaki gaban jeren kwanukanta, suka ce haske ya fi a waje, suka zaunar da ita a gindin murhu. Da aka maƙala mata ɗan abin ɗaukar magana a mayafi ta ce, "Wannan ƙwaron fa, yana cizo?" Ni ina zaune a damanta, inda kamara ba ta kai ba.

Ta yi magana tsaf, kamar a gaban alƙali.

"Gona ta ubana ce, rabona ne. Ban sayar ba, ban ba kowa kyauta ba. Riƙo na ba wani, ya noma ya riƙa ba ni abin da zan ci. To, riƙon ya yi nisa."

Malamar ta ce, "Wane ne, Iya?"

"Wani ne dai."

"Ɗan'uwan mijinki ne?"

Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji hannunta a wuyan hannuna. Hannun da ya shekara hamsin yana daka kalwa. Sai da shatin yatsunta ya fito. A bidiyon ana ganin wurin: hannunta na dama ya fita daga hoto, kafaɗarta ta ƙage, fuskarta kuwa ko gezau.

Da aka kashe kamara malamar ta ce akwai lauyoyi mata da za su tsaya mata kyauta, amma sai ta faɗi wanda za a yi ƙara. Dada ta ƙulla mata daddawa a ganye ta ce Allah ya kai su gida lafiya. Na bi malamar har mota na ce, "Ɗanta ne." Ta ce ba za ta sa abin da tsohuwa ba ta faɗa da bakinta ba. Gaskiyarta ce. Na ji haushinta duk da haka.

Kawu bai ji kunyar komai ba. Ya tambayi ko baƙin sun bar wani abu.

Da aka gama haɗawa malamar ta turo min a waya, na kai wa Dada. Ta riƙe wayar nesa da fuska. Abin da ta fara gani tukunya ce. "Dubi, wadda ban wanke ba suka ɗauka." Sannan bayan maganarta muryar wani namiji ta shigo, yana cewa mata da yawa a karkara ba su san haƙƙinsu ba, wasu kuma tsoro ke hana su. Dada ta dubi wayar kamar yadda take duban rediyo.

"Wa ya ce masa ban sani ba? Tsoron wa?"

A nan muka yi faɗan da ya fi kowane.

Na ce, "To me ya hana ki? Ke kika koya wa matar maƙeri ta ɗaga murya."

"Matar maƙeri ba ita ta haifi wanda ta kai ƙara ba."

"Ki bar ni in faɗi sunan a madadinki."

"Alƙali ni zai tambaya, ba ke ba." Ta ajiye wayar a kan faifai. "Guguwa, tun ranar da aka raɗa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Bai taɓa jin na kira shi ba, ko yana ciwo. So kike ranar farko da zai ji sunansa a bakina ta zama a kotu?"

Na ce, "Wannan kunyar taki ita ke cinye geronki, kuma ita za ta cinye na Umma."

Ta jefe ni da ludayi. Na tafi, na yi damina guda ban je ba. Da kaka ta aiko da ƙullin daddawa ta hannun wani direba, da saƙo: a gaya wa Guguwa fushi ba ya kaɗa miya. Na koma. Ba mu sake tayar da maganar ba har ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Kawu ne ya kai ta asibiti, shi ya dawo da ita, yana bakin ƙofa lokacin da ta cika. An ce fuskarta tana bango.

Ranar sadakar bakwai, bayan addu'a, liman ya shigo tsakar gida da Kawu da dattawa biyu, a yi maganar abin da ta bari. Mata suna zaune a gefe. Aka lissafa awaki, tukwane, kwanuka, ɗaki. Sai Kawu ya gyara murya.

"Gona kuwa, Allah gafarta Malam, ta daɗe da bar min. Kowa ya san ni ke noma ta."

Kafin in motsa na ji hannu a wuyan hannuna. Umma ce. Wuri ɗaya, riƙo iri ɗaya, sai dai nata bai kai na Dada ƙarfi ba. Da ɗaya hannun na ciro waya, na kunna bidiyon, na ƙure murya.

Dada ta yi magana a tsakar gidanta, kwana bakwai da binne ta. "Ban sayar ba, ban ba kowa kyauta ba. Riƙo na ba wani." Wata mata ta fashe da kuka. Matar maƙeri ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya dubi wayar. Ina jin bai taɓa jin uwarsa ta yi magana mai tsawo haka a kansa ba.

Ya ce, "Ai ba ta ce ni ba ne."

Na ce, "Kawu, duk faɗin ƙasar Roni, mutum nawa ne Dada ba ta iya kiran sunansa?"

Tsohuwar Babura ce ta amsa, wadda ta ce matan yanzu sai baki. Ba ta ɗago kai ba. "Mijinta ya riga ta. Saura ɗan fari."

Liman ya sa na sake kunnawa, ya saurara da ido a rufe. Ya tambayi Kawu ko yana da shaidar kyauta. Babu. Ya ce to gona gado ce, kashi biyu na namiji, ɗaya na mace, in kuma da mai ja, ga kotu nan.

Na ɗauka an gama. Har na fara ganin rumbu a raina.

Sai Umma ta saki hannuna, ta gyara mayafi, ta ce, "Allah gafarta Malam, nawa kason na bar wa Yaya."

Liman ya ce ta yi tunani, ba gaggawa. Ta ce ta yi. Ya tambaya ko wani ya matsa mata. Ta ce ba kowa. Dattawa suka shaida, aka shafa fatiha. Matan da ke gefe suka fara: "Allah ya yi miki albarka. Haƙurin uwarta ta ɗauko."

A mota, hanyar Kazaure, da muka wuce Roni na juya wurin Umma. Na ce, "Umma, me ya sa?"

Ta ce, "Kin tsiraita shi a gaban mutane da muryar uwarsa. In na ƙara da karɓar gona, shi ke nan ba ni da ɗan'uwa. Wa zai tsaya a kanki ranar aurenki? Wa zai sa ni a rami?"

"Da gero za mu ci, Umma."

"Zai riƙa aiko mana."

Na je wurin 'yar maƙwabciyarmu na tambaye ta ko ana iya warware wannan magana. Ta duba littattafanta, ta kira wata malamarsu, ta dawo ta ce min da wuya. Mace baliga mai hankali tana da cikakken haƙƙin yin kyauta da dukiyarta, ta yi a gaban shaidu, kuma gonar tana hannunsa. Ta ce wannan ma akwai bidiyonsa, an nuna musu. Na ce na yarda. Duk cikin haƙƙoƙin da aka lissafa musu, wannan ne kaɗai ban taɓa jin an hana wata mace ba.

Makon jiya Kawu ya aiko da rabin buhun gero. Umma ta ce in kira shi in yi godiya. Na ce wayata ba caji. Ta ari ta maƙwabta.

Na ji an ce za a ci gaba da nuna bidiyon, sababbin ɗalibai suna shigowa kowace shekara. Ban hana ba, a nuna. Dada ta sa kwalli dominsa. Amma ku da za ku kalla, ku rubuta amsa, ku ci jarrabawa, in kun zo inda aka tambaye ta wane ne, kada ku kalli bakinta. Ku kalli hannunta na dama. Akwai mutum a ƙarshen hannun nan, kuma har yau wurin yana min zafi.

Dada, ban yafe miki gonar ba tukuna, kin san ni ba na ɓoyewa. Amma na roƙi Allah ya yafe miki komai, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya miki makwanci. Ya ba ki gona a Aljanna, da ɗorawa a gefen gabas, wadda ba wanda zai riƙe miki. In kuma wancan ya iso bayan tsawon rai, Allah ya sa can babu kunya, ki juyo ki kira shi da sunansa, ki tambaye shi da bakinki.